Awa ɗaya da rabi daga Maraɗi zuwa Yamai

Wata Litinin ce bayan girbin gero, shekarar da nake aji biyar a lakwal ɗin Madarumfa, aka kinkimo Baba da hantsi aka kwantar da shi a bayan motar maƙwabcinmu. Ƙafarsa da ƙugiya ta soka a tafki ta kumbura har gwiwa, likitocin Maraɗi kuma sun ce sai Yamai. Ƙanensa da ke aikin gwamnati ne ya samo masa kujera a jirgin sama. Motar na barin ƙofar gida, Iya, uwar Baba, ta dube mu ta ce, "Kada wadda ta sa tsintsiya a ɗakin nan sai ya sauka." A gidanmu haka aka yarda: in aka share ɗakin matafiyi yana kan hanya, an share sawunsa ke nan, ba zai komo ba.

Shara kuwa aikina ce. Ni ce yarinyar da ke komawa rijiya ta duba ko ta rufe murfi, mai ƙirga awaki sau uku kafin ta yarda sun cika. Da na tambayi Iya yaushe zai sauka, sai ta ce ita dai ta san Yamai kwana ake a hanya. Amma mushenmu, wato malamin ajinmu, ya taɓa zana mana taswira a allo, ya ja layi daga Maraɗi zuwa Yamai, ya ce abin da mota ke wuni tana ci, jirgi ba ya wuce awa ɗaya da rabi. Na rubuta shi a littafina, na ja masa layi biyu.

Da na dawo daga ɗebo ruwa, na tarar kaji sun shiga ɗakin sun yi kashi a kan buzun sallar Baba. Na kasa zama. An ce jirgin ƙarfe goma sha ɗaya zai tashi, don haka na yi lissafi da tsinke a ƙasa, na ninka awannin don kada in yi kuskure, na jira har aka idar da azahar. Sannan na shiga na share tas.

Sai dab da magariba maƙwabcin ya dawo. Ina tsugune ina wankin tukunya na ji yana gaya wa Iya cewa jirgin ya yi latti, sai bayan la'asar ya tashi. Lokacin da nake shara, Baba na kwance kan benci a Maraɗi. Iya ta leƙa ɗakin, ta ga sawun tsintsiya, ta saki labule. Ba ta tambayi kowa ba. Bayan mako biyu aka aiko cewa an binne Baba can Yamai.

Malamai uku na gaya wa wannan a rayuwata, kowannensu ya ce camfi ne, ajali ba ya bin tsintsiya. Na yarda, da rana. Yau ɗana kan tafi cirani Katsina, ya kira ni a waya ya ce, "Inna, na iso." Sai in tambaye shi ko ya shiga gida, ko ya ajiye jaka, har ya ƙosa ya kashe. Yaran yanzu ba su jiran labari, ni kuwa ba na daina jiransa ko bayan ya zo. Lissafina daidai ne a ranar, jirgin ne bai tashi a kan lokaci ba.