Takardar da Ka Ƙi Bugawa

Daga Allah muka fito, wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Yuli, da hantsi, ɗanka ya kira ni ya ce Allah Ya yi maka rasuwa. Na daɗe zaune da waya a hannu.

Baba Tafireta, shekara talatin kana buga takardun ofishinmu, kuma kai ke karanta wa sabon ma'aikaci rantsuwar kama aiki. A cikinta akwai wata doguwar kalmar Turanci mai nufin biyayya, wadda harshenmu ke sarƙewa a kanta, kana yi mana dariya. Kakan ce ba a jin ta a kasuwa ko tsakanin abokai. Kalmar rantsuwa ce, ƙasa da doka ake yi wa ita.

Sai aka kawo sabon manaja, ya ce a buga masa takardar biyayya da wannan kalma, kowa ya sa hannu. Ka lulluɓe tafiretarka da ƙyallenta, ka ce, "Ranka ya daɗe, kalmar nan ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Gobe in an canja ka fa?" Wani ya buga. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni na fara sa hannu.

Aka mayar da kai ɗakin fayil, ba taga, sai ƙurar tsofaffin takardu, har shekara bakwai. A can ciwon tari ya kama ka. Ni kuwa aka ƙara mini girma, na koyi bin ɗaya matakalar don kada mu haɗu. Manajan ya tafi, uku suka biyo bayansa, kowa da tasa takardar. Na sa hannu har na gaji.

Da aka kwantar da ni asibiti bayan na yi ritaya, ko ɗaya cikin manajojin bai leƙo ba. Kai ka zo, da lemo a leda, kana haki, ka ce, "Ɗan'uwa, har yanzu ba ka iya faɗar kalmar nan ba?" Na yi dariya, na ce a raina zan nemi gafararka in na warke. Shekara uku ke nan da warkewata, kullum sai gobe.

Hajiya, matar Baba, ke da yara, Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yalwata kabarinsa, Ya cika shi da hasken da muka hana shi a ɗakin nan. Gafarar da nauyin baki ya hana ni nema wurinsa, yau a wurinku nake roƙon ta.