Ƙafar Hagu a Zaman Tahiya

A sallar La'asar na gane. Ƙanwata ta zo mini kwana biyu daga Birmingham, inda jami'a ta yafe mata rabin kuɗin makaranta saboda tana yi musu gudu. Muna sallamewa a falona na unguwar Levenshulme na ga ƙafarta ta hagu a miƙe sambal. Mai shekara ashirin da ɗaya ba ta zaman tahiya haka.

Ni likita ce, kuma haƙuri bai dame ni ba. Na yaye zanenta ban tambaye ta ba. Gwiwa ta yi suntum, ga zafi. Wata biyu tana ɓoyewa, har ga mai horar da su, don duk shekara ake sabunta tallafin, kuma da gudun Asabar mai zuwa za a yanke hukunci.

Raina ya ɓaci. Na ce mutanen nan sun kafa hotonta da hijabi a ƙofar jami'a suna tallar kansu, ita kuwa kullum tana atisaye cikin ruwan sama kafin ta shiga aji. Rabin kuɗi da rigar sanyi ba su kai gwiwa ba. Na ce ni zan biya, alhali mu duka mun san ƙarfina bai kai ba.

"Yaya, in babu scholarship babu visa," ta ce. "Zagaye biyu ne kawai. Ki rufa mini asiri, please."

Ranar Asabar, a ɗakinta na unguwar Aston a Birmingham, ni da hannuna na naɗe mata gwiwar, naɗin da ba mai ganewa a cikin dogon wando. A filin gudun kowa na ihu, ni ƙafar hagu kawai nake kallo. A zagaye na biyu ta fara ɗingishin da ni kaɗai na gani. Ta zo ta biyu. Aka sabunta tallafin.

Ta gama digirinta, an yi wa gwiwar aiki sau biyu. Juma'ar da ta wuce muka je masallaci tare, ta ɗauki kujerar roba ta nufi wajen tsofaffi. Na ji wata dattijuwa tana matsa mata da tambaya, tana cewa, "'Yata, ba wanda ya duba miki ƙafar nan da wuri?"

Ina sahun gaba. Na kasa waiwayawa.