Dutsen da Aka Ɗauke daga Bakin Mayo

Ƙauyenmu yana bayan Mugulbu, inda hanyar mota take ƙarewa ta bar mutum da babur ko ƙafarsa. Akwai mayo, wato rafi, da ya ratsa ta gabas da gari. Da damina yakan cika har ya hana yara zuwa makaranta, da rani kuwa ba komai a cikinsa sai farin yashi. A gefen yashin nan, a ƙarƙashin gaɓa, akwai wani baƙin dutse mai faɗin kai, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. Tun ina ƙarama na san ba a shanya wanki a kansa, ba a kuma wasa wuƙa da shi. Ba tsoronsa ake ji ba. Wurin zaman mutum ɗaya ne, shi ma sau ɗaya a rayuwarsa.

Labarin da muka taso muna ji shi ne, a wata shekara ta fari wani Bafulatani ya iso wurin da shanunsa suna faɗuwa don ƙishirwa. Ya zauna a kan dutsen yana jiran abin da Allah zai yi. Wata mata daga cikin manoman da suka riga kowa zama a nan ta gan shi. Ba ta jin yarensa, shi ma ba ya jin nata. Ta durƙusa a gindin dutsen ta tona yashi da hannu har ruwa ya taso, ta ba shi ya sha, ta wanke masa ƙafafunsa da suka tsattsage, sannan ta nuna masa yadda zai faɗaɗa ramin don shanu. Bai ƙara gaba ba. Daga baya da gari ya yi girma aka nemi mai shugabantar mutane, sai aka yarda zuriyar makiyayin su riƙe sarautar Jauro, amma babu wanda zai ɗaura rawani sai ya zo kai babu hula ya zauna a kan dutsen, babbar macen gidan waccan mata ta tona ruwa a gindinsa ta wanke masa ƙafa, tana lissafa masa waɗanda suka zauna a wurin kafin shi.

Gidan waccan mata shi ne gidanmu, babbar macen kuwa a zamanina ita ce Kaka, mahaifiyar babana.

Mu Kiristoci ne, gidan Jauro Musulmi. An taɓa samun fasto da ya nuna shakku a kan al'adar, an kuma samu malamin da ya yi haka. Dukansu Kaka ta ba su amsa ɗaya: ba a yanka komai, ba a roƙon dutse komai, tuni ne kawai ake yi wa mai mulki cewa ya taɓa zuwa da ƙishirwa. Kuma tunin yana da amfani. Jauro ne ke raba gardama in shanu sun shiga gona, shi ke hana a nome burtali, shi ke kai kukan gari wurin hakimi, shi ma'aikatan rigakafi ke fara sauka a ƙofarsa. In manomi ya ga kamar Jauro ya karkata wajen danginsa, ba ya zaginsa. Sai ya ce a hankali, wa ya wanke maka ƙafa? Na ga tsohon Jauro ya sauya hukunci saboda wannan tambayar.

Ni ba mai magana ba ce. A makarantarmu ta cikin Mubi malamai sun san rubutuna kafin su san muryata. Wataƙila don haka ne Kaka ta zaɓe ni, don abin da aka gaya mini ba ya zuba. Lokacin da tsohon Jauro ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na zo hutu, ta kira ni gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ta ce idanunta sun fara hazo, gwiwoyinta ba su son durƙuso. In ranar ta zo ni zan tona ruwan, ita ta wanke, sannan mu lissafa tare, don mutane su gani da idonsu wadda aka bar wa abin. In ba a ga haka a gindin dutsen ba, ba wanda zai yarda daga baya.

Ba a kiran tsofaffin Jauro da sunayensu, da abin da ya faru a zamaninsu ake kiran su. Wanda ya zo da shanu. Wanda ya dasa tsamiyar kasuwa. Wanda fara ta cinye gero a zamaninsa ya buɗe rumbunsa. Mai ido ɗaya. Wanda ya ƙi sayar da fadama. Kowanne yana da ɗan labarinsa da ake faɗa da yarenmu, sai a maimaita da Fillanci don mai zama ya ji. Na ce zan rubuta su. Ta ce a'a.

"Malama, komai sai biro? In takarda ya jiƙe fa? Sa shi a nan." Ta dungure mini goshi da yatsa mai ƙasa.

Hausar Kaka ba ta raba mace da namiji, komai "ya" ne a wurinta, kuma in na gyara mata sai ta ce in bari har ranar da na iya tuƙa tuwo ba gudaji. Haka muka yi ta yi duk hutun, a gona da wurin surfe. In na tsallake ɗaya sai ta yi shiru ta bar ni in gane da kaina. Tsoron ranar ya hana ni sakewa. Ina tunanin idanun gari duka a kaina, da muryata da ba ta kai ƙofar ɗaki. Amma ina so, fiye da yadda na taɓa gaya mata.

Tsohon Jauro ya rasu a lokacin kaka, bayan an kai amfanin gona gida. Dattawa suka zaɓi ɗan ƙanensa, hakimi ya amince, aka sa naɗin cikin rani. Wanda aka zaɓa ba baƙo ba ne a gidanmu. Tare suka yi makaranta da babana, kuma Dada yake kiran Kaka, kamar yadda yake kiran tasa uwar. A shekarar da tashin hankali ya sa muka gudu muka bar gari, shi ya ɗauke ta a bayan babur ɗinsa. Ya zo gaishe ta kafin naɗin, ya tsuguna a ƙofar ɗaki.

"Dada, kin ji abin da suka ɗora mini."

"Na ji. Ɓarawon gyaɗata zai zama Jauro. Gari ya lalace."

"Ai na tuba tun tuni. Ki dai tausaya mini, kada ki goge da dutse."

"Sai na ga ƙafar tukuna. Ka yanke farce."

Suka yi dariya. Ta nuna masa ni ta ce ga mai tona ruwan. Ya dube ni ya ce, to Malama, a tona mai sanyi. Na sunkuyar da kai.

Kansilan mazaɓarmu ne ya ɗauki nauyin shirya bikin. Mutumin kirki ne, ɗan wani ƙauye na kusa, amma a Sabon Layi cikin Mubi ya girma. Ya nemo rumfuna da kujerun roba da lasifika daga ƙaramar hukuma, ya sa aka share filin makarantar firamare, don da rani motocin baƙi kan iya lallaɓawa su isa nan. An gaya masa akwai al'adar dutse, abin ya burge shi ƙwarai. Ya tambayi nisan wurin, aka ce sai an gangara gaɓa. Ya tuna tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ya tuna wakilin hakimi da manyan baƙi ba za su shiga yashi da manyan riguna ba, ya kuma so kowa ya ga abin alfaharin garin. Jajibirin naɗin da yamma ya sa samari suka tone dutsen da diga, suka ɗora shi a kan amalanke, suka kai shi tsakiyar filin. Samarin 'yan garinmu ne, wasu ma 'yan gidanmu. Duk sun san labarin. Abin da suka ɗauka shi ne dutsen ne mai daraja. Ba wanda ya gaya wa Kaka, don so suke ta ga an hutar da ita.

Da safe muka fita, ita da sandarta da sabon zanenta na zuwa coci, ni da ƙwarya. Muka bi ta bayan gari kamar yadda aka saba, don mai wanke ƙafa ba ta bi ta cikin taro. Na riƙe ta muka gangara gaɓar a hankali. Ni na fara gani. Rami ne kawai, da sawun tayar amalanke da ya haura sama.

Ta tambaye ni me ya sa na tsaya. Na gaya mata. Ta saki hannuna ta matsa, ta sa sandarta cikin ramin ta zagaya bakinsa kamar mai auna shi. Daga nan ta zauna a kan yashi. Daga can filin muna jin ana gwada lasifika.

Ba a jima ba kansila ya iso da gudu-gudu, babbar rigarsa a kafaɗa, yana murmushi. Ya ce, Mama, ga mota can sama an kawo miki, an sa miki kujera a inuwa kusa da dutsen, har ruwa an tanada a bokiti mai tsabta. Kaka ta tambaye shi a ina aka ɗebo ruwan. Ya ce a famfon makaranta.

"Honarabul," ta ce, "matar nan ba dutse ya ba baƙo ba. Ruwa ya ba shi. Dutsen yana nuna inda ruwan yake ne."

Murmushinsa ya tafi. Ya ce a yi haƙuri, yanzu zai sa a dawo da shi. Amma wakilin hakimi ya riga ya sauka, yana da wani naɗin a gaba, kuma ba wanda ya iya zuwa ya ce masa ya jira tsohuwa da amalanke. Kansila ya roƙe ta ta zo ko don mutane. Ta ce ba fushi take ba, amma a nan ake yi, nan za ta zauna. Ya koma. Na tabbata ya yi niyyar sanar da wanda za a naɗa, sai dai shi yana cikin ɗaki dattawa sun kewaye shi, an ce masa komai ya kammala.

Kaka ta ce in tona. Na durƙusa a bakin ramin na sa hannu. Yashin sama da zafi, na ƙasa da sanyi. Na yi ta kwashewa har ya fara yin duhu, ya jiƙe, sai ruwa ya fara tsattsafowa ta gefe. Na jira ya kwanta na cika ƙwaryar. Muka zauna da ita a tsakaninmu. Muka ji an yi addu'a, muka ji jawabai, sannan muka ji guɗa.

Rana ta yi tsaka lokacin da sabon Jauro ya zo. Shi kaɗai ya gangaro, mutane suka tsaya a saman gaɓa. Sabon rawani fari a kansa. Ya tsuguna a gabanta ya ce sai da ya fito fili ya ga dutsen, ya neme ta bai gan ta ba, kuma hannun wakili ya riga ya kai kansa. Ya kama bakin rawanin zai warware.

"Bar shi," ta ce. "Ba a kwance wa Jauro rawani a gaban mutanensa."

"Dada, to ki wanke mini haka."

"Wanda ake wanke wa baƙo ne mai ƙishirwa. Kai ka riga ka zama mai gari."

Ya saki bakin rawanin. Sai ta ce ya miƙo ƙafar duk da haka, ya sha tafiya cikin rana. Ya zauna a kan yashi ya cire takalmi. Ta wanke masa a hankali har tsakanin yatsu, kamar yadda take wanke wa jikokinta in sun dawo daga gona. Na jira ta fara lissafin. Bakina a shirye yake, wanda ya zo da shanu yana kan harshena. Ba ta fara ba. Da ta gama ta zuba sauran ruwan cikin ramin, ta ce masa ya riƙe mutane da kyau. Ya share fuskarsa da gefen rawanin, ya riƙe ta suka hau gaɓar tare.

An yi maganar mayar da dutsen. Kowa ya yarda, sai dai aka ce a bari a gama sallamar baƙi, daga nan aka ce a bari a gama sharar gona. Ruwan farko ya zo da ƙarfi a shekarar, mayo ya cika ya ci gaɓar, ya shafe ramin. Da rani ya dawo, dattawa uku suka nuna wurare uku. Kaka ce kaɗai za ta iya raba gardamar, ita kuwa tun tsakiyar damina ta daina fita, kafin a yanke dawa muka binne ta. Jauro yana cikin waɗanda suka tsaya a bakin kabarin har aka gama.

Yana mulkinsa da adalci, ba wanda zai ce ba haka ba. Amma na ji an ce a wata shari'ar shanu da gona wani manomi ya buɗe baki zai yi tsohuwar tambayar, sai ya rufe.

Dutsen yana nan a filin makaranta. An shafa masa farin fenti, yara suna zama a kansa suna shan rake. Lissafin yana kaina har yau, ban tsallake ko ɗaya ba, ban kuma rubuta shi duka a ko'ina ba, har a nan. Ba wanda ya ga an bar mini shi, don haka ba wanda ya taɓa tambayata. In na je gida da rani nakan gangara mayo ni kaɗai, in tona a inda nake zato. Wani lokaci ruwa ya taso, wani lokaci in kai har gwiwar hannu yashin yana nan a bushe.