Wadda Ta Bar wa Amal Yammacin Laraba

A watan Agusta, lokacin da baƙi mazauna unguwar La Guillotière ke ɗaure jakunkuna za su gida hutu, Malama Raliatou takan hau bas ta nufi makarantar lise, wato babbar sakandare, da take aiki a wajen garin Saint-Fons. Mai gadi ya buɗe mata ƙofa ya koma ɗakinsa. Kujeru duk an kifa su a kan tebura, babu motsin komai sai fankar ofishinta. Ta ajiye fulas ɗin shayi, ta kunna kwamfuta, ta shiga aikin da mutane da yawa ba su san da hannun ɗan Adam a cikinsa ba, wato jera wa ɗalibai jadawalin darussan shekara.

Mutuniyar Maradi ce, sakatariya a ofishin mataimakin shugaban makaranta. A nan ƙasar Turawa, ɗalibi yakan zaɓi manyan fannoni uku bayan shekararsa ta farko a lise, makaranta kuma ta dunƙule su awa bibbiyu a jere. Kwamfuta na iya jera su kafin shayi ya huce, amma ba ruwanta da gajiyar yaro. Sai ta tara masa lissafi da fiziks da ilimin halittu a wuni guda, kowane malami ya ba da aikin gida kamar shi kaɗai ne malami a duniya, a ce kuma duk a kawo su safiya ɗaya. Raliatou ce ke bi tana warware wannan, aji bayan aji, sannan ta miƙa wa mataimaki ya duba ya sa hannu.

Aikin nan ya cinye mata daminar gida. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, Allah bai ba su haihuwa ba, wadda ta rage mata ita ce tsohuwarta a Maradi. Kowace shekara tsohuwar kan bugo ta ce, "Bana ma ba ki tahowa mu yi damana?" Ita kuma ta ce sai Disamba, Inna. Takan je ta yi 'yan kwanaki cikin sanyi ta dawo. Tsohuwar ta rasu shekaru biyu da suka wuce, ba su sake ganin ruwan sama tare ba.

Mutanen unguwa sun shaidi abubuwa da yawa a kanta, amma wanda ya fi zama a bakinsu shi ne na Amal, 'yar Alhaji Illiassou mai aika kaya Nijar. Alhaji mutum ne da ba ya ƙaunar ganin gurbi. In yana lodin kwantena, ko tafin hannu ya rage sai ya nemo abin da zai cusa. Da aka zo zaɓen darussan Amal, ya ɗauki manyan fannonin kimiyya ukun, ya ƙara Sinanci saboda kasuwa, ya ƙara Latin don ya ji ana cewa likitoci na amfani da shi, ya haɗa da ajin da ake ƙarin Ingilishi. Har yammacin Laraba, da yawancin yara ke hutawa, ya cika shi taf. Shi a ganinsa gata ya yi mata.

Kafin shekara ta raba, Amal ta rame. Tana gyangyaɗi a aji, maki na zubewa, yarinyar da ke burin karatun harhaɗa magunguna ta fara cewa ita ta haƙura da lise ɗin ma gaba ɗaya. Raliatou ta tsinci zancen a bakin wata malama, ta kasa cin abincin rana. A ranar Asabar ta yafa mayafi ta tafi kantin Alhaji. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi gida da aiki da sanyi, sannan ta nuna wani kwali ta ce, "Alhaji, mi ke ciki nan?"

"Turare na, Malama. Na kwalba."

"To mi ya sa na ga rabin kwalin duk takarda ce da soso? Ba asarar wuri ba ce?"

Ya yi dariya. "Malama, in ban bar wuri ba ai kahin ya kai Kwatano ya hwashe."

"Ɗiyarka ta kusa kai Kwatano, Alhaji."

Dariyar ta tsaya. Ya kalli kwalin, ya ce a hankali, "Ni ban yi karatun lakwal ba. Na ɗauka in na cika mata ne na yi mata abin kirki." Ta ce ta sani, shi ya sa ma ta zo da ƙafarta ba ta aiko takarda ba. Ya yarda a sauke Sinanci da Latin. Ita kuma da Agusta ta zo, ta zauna ita kaɗai ta raba manyan darussan ajin Amal a ranaku daban-daban, ta roƙi malaman uku su riƙa duba ranar da junansu suka sa kafin su ba da aiki. Biyu suka yarda, ɗayan ya yi ta ƙunƙuni har shekara ta ƙare.

Malama Raliatou, ke ce mai gyaran da ba a gani. Ke ce kika san cewa awar da aka bari babu komai ita ma darasi ce, yaro ya yi barci, ya ci abinci a zaune, ya gane abin da ya karanta. Ɗaruruwan yara sun wuce ta hannunki ba su san fuskarki ba, kuma wannan abu yana da ciwo, ko da ba ki taɓa faɗa ba.

Bana ta yi ritaya. Aka yi ɗan biki a ɗakin malamai da lemo da biskit, kowa na duba agogo don kada jirgin hutu ya bar shi. Ta koma ɗakinta da furen da aka ba ta. Ga Agusta ta zo mata a buɗe a karon farko, amma babu mai jiran ta a Maradi.

Amal kuwa tana Paris, tana zaune a Stains, a gefen birnin, wajen gwaggonta, ta kusa gama karatun magungunan. Sai kwanan nan mahaifinta ya ba ta labarin kwalin turare. Ta ce, "Baba, ni hwa na ɗauka ordinateur ne ya gyara jadawalin," tana nufin kwamfuta. Ta karɓi lambar Malama Raliatou, ta buga wata Laraba da yamma. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka, don ba a saba kiran ta ba. Amal ta faɗi sunanta ta fara godiya. Raliatou ta bari ta gama, sannan ta ce, "Ɗiyata, kina dai samun barci?"

Mun gode, Malama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan Inna. Iyaye, in za ku zaɓa wa yara darussa ku bar musu wurin numfashi. Wanda kuma ya yi karatu a makarantar nan, ya nemi lambarta ya kira. Tana gida, watan Agusta duk nata ne.