Takalmin Yaya a Cocin Turawa

Ni a Uhudu ta Madina na tashi, cikin masu tallar dabino da carbi, kuma can na koyi abu ɗaya: duk ƙofar da ka gani a buɗe ba mai gadi, akwai mai leƙenka ta wani wuri. Shi ya sa da na ga tsohon cocin nan na wani ƙauye a Ingila, ƙofa wangame, ba kowa, na ce tarko ne.

Baban kafilina, wato Balaraben ubangidana, aka kai asibiti can, ni ke tura masa keken marasa lafiya, Ammi nake ce masa. Kafin mu bar Madina, Yayana ya ara mini baƙin sau-cikinsa, wanda ya ajiye don ranar ɗaurin aurensa. Ya murɗe mini kunne ya ce, "Kai ɓera, yadda na ba ka haka za ka dawo da shi. In ya yi ƙwarzane, kada ma ka sauka daga jirgi."

Likita ne ya ce Ammi ya riƙa shan iska, direba ya ajiye mu a bakin cocin. Kaburbura sun zagaye shi, kowanne da allon dutse, wasu sun karkace kamar haƙoran tsoho.

Ammi ya ce, "Ya walad, kai yaro, dubi, kowa da sunansa da shekararsa. Mu a maƙabartar Baƙi'a dutse ne kawai."

Na ce, "Ammi, su nan ko ka mutu sai ka nuna ikama, katin izinin zama."

Sai ga yayyafi, na tura shi ciki. A bakin ƙofa na tuɓe takalmi, don uwata ta hore ni ba a shiga wurin ibadar kowa da shi. A Harami leda nake sa shi in rungume, nan ba leda, sai na ɓoye shi a bayan ƙyaure.

Ciki sanyi, warin tsohon katako. Ba mu jima ba wata tsohuwar Baturiya ta ɓullo da furanni da almakashi, tana ta yi mini murmushi. A Uhudu ba mai yi maka irin wannan sai mai shirin sayar maka da dabinon bara. Ta kalli safata, ta yi Turancinta, na gyaɗa kai ban ji komai ba, ta wuce. Zuciyata ta ce je ka duba. Na leƙa bayan ƙyaure, wayam!

Ammi har da tari don dariya. "Halas, shi ke nan, an yi maka irin ta sabon alhaji!"

Can ƙuryar cocin na hango ta, takalmin Yaya a hannunta. Na zabura, Ammi ya daka mini tsawa. "Tsaya! Dubi ƙasa!"

Ashe daɓen ma kaburbura ne, sunaye a kwance har ƙurya. Ga mutane a ƙasa, ga takalmi yana tafiya. Haka na bi gefen benci ina ɗingishi da tsalle, ina cewa ku yi haƙuri, ku yi haƙuri.

Na iske ta ɗora shi a kan wani bututun ƙarfe mai zafi. Ta nuna sama, ta kaɗa yatsu alamar ruwa, wai ya jiƙe, busarwa take yi. Na miƙa hannu, ta buge shi kamar kakata, ta ba ni biskit. Na shinshina, na sa a aljihu. Sai da ta gama jera furanninta kaf ta sallame ni. Kafin nan ƙafar hagu ta ƙanƙance, bakinta ya ɗaga sama kamar busasshen kifi, fata ta tsage.

Da muka dawo, Yaya ya juya takalmin ya sake juyawa.

"Tsohuwa? A coci? Ta gasa shi don tausayi?"

"Wallahi Yaya, tambayi Ammi."

"Ƙwallo ka buga da shi, ɗan iska."

Na ciro biskit ɗin a matsayin shaida, ya karɓa ya cinye. Da takalmin maƙwabci aka ɗaura masa aure. Har yau in na je gidansa a unguwar Bani Harisa, yana jin sallamata zai kwashe takalmansa daga bakin ƙofa.