Nei Vasemaca, Wadda Ta Hana a Binne Haƙƙin Torika

Kafin rana ta ɗaga, Vasemaca tana bakin ruwa a tsibirin Kadavu, zani naɗe a gwiwa, tana jiran kwalekwale. Kayan aikinta ba su wuce tabarma da man kwakwa ba. Kowa Nei yake ce mata, wato gwaggo, har waɗanda suka girme ta. Ƙauye-ƙauye take bi tana motsa jikin yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni tun wajen haihuwa. Watan nan za ta ajiye aiki, gwiwoyi sun ce atafau ba su ƙara hawan tudu.

Bakinta ya gaji da magana ɗaya. "Ku ji ni, ciwon nan ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai sanƙarewa, akwai mai fizge-fizge, akwai mai tangaɗi. Mai sanƙarewar nan in kuka danne shi da tausa kamar masu matsar kwakwa, ƙara ƙagewa zai yi!" Iyaye da yawa ta dube su ta ce nasu ba laifin kowa ba ne, don ba ta ɗora wa ma'aikaci abin da bai yi ba.

Na Torika daban ne. Uwarta Unaisi ta wuni tana naƙuda a asibiti, tana cewa motsin cikin ya canza, ungozomar tana ce mata raki ne. Da aka ciro yarinyar ko kuka ba ta yi ba. Yanzu ta yi wayo, tana gane kowa, amma cokali ya fi ƙarfin hannunta. Nei ce ta ja su wurin lauya, a nemi diyyar da za ta riƙe Torika ranar da bayan uwarta ya kasa ɗaukarta.

Ana cikin haka sai ga dangin ungozomar da saiwar yaqona, wadda ake miƙawa a al'ada in ana neman sulhu, sun zo bulubulu, roƙon gafarar nan da in an karɓa an binne magana ke nan. Ilisoni, uban yarinyar, ya sulale bayan ɗaki inda Nei ke miƙe ƙafar Torika.

"Nei, in na ƙi, da wane ido zan shiga coci? In na karɓa kuma, ƙara ta mutu."

"Wa ya ce?"

"Haka ake yi."

"Kai dai akwai ka da saurin haƙa rami! Matar nan ta yi nadama, ka yafe mata. Ɓacin ranka naka ne, binne shi. Na Torika ba naka ba ne, kar ka taɓa."

Ya koma ya tafa hannu bisa al'ada ya karɓi saiwar, sannan ya ce ya yafe, amma ƙarar 'yarsa da asibiti tana nan. Da aka gano bakin wa ke ciki, wasu dattawa suka daina amsa gaisuwar Nei. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ci gaba da gaishe su.

Ke ce, Nei, kika raba gafara da haƙƙi a inda aka saba ɗaure su tare. Mai hannun lallashi, mai bakin da ba ya lallashi. Mu mutanen ƙauyukan nan ba mu ba ki komai ba sai gajiya.

Kuma har yau shari'ar ba ta ƙare ba, daga ɗagewa sai ɗagewa. Torika tana ƙara nauyi. Ba a turo wadda za ta gaje ki ba. A zuwanki na ƙarshe Unaisi ta dafe ƙugu ta ce, "Nei, in bayana ya kasa kafin alƙali ya yi magana fa?"

Kika ce, "Ban sani ba, 'yata."

Mun gode, har da wannan gaskiyar. Ku kuma matasan da kuka koyi aikin nan kuka maƙale a birni, don Allah wani ya taso. Unaisi ta fara ɗingishi.