Ɗan Rulma na Goma Sha Biyu

Babana makanike ne a Magaria, kuma ranar da zai kwance bwat, wato akwatin giyar mota, gidanmu ko tari ba a yi. Kaji ma sanɗa suke. Yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure, ya jera ƙarafan daga gabas zuwa yamma yadda ya ciro su, in ya zo mayarwa ya biyo layin da baya. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, tabarmar ce takardarsa.

Motar da aka kawo masa gyara wata tsohuwar kamiyo ce, babbar motar kaya, ta sojan Faransa da wani mai sayen gyaɗa ya mallaka. Da su biyu ne iri ɗaya. Ɗayar Baffana ke tuƙa ta, ƙanen Baba, mutumin da ba ya rabo da waƙa ta hanci. Ita ta kife da shi a gangaren yashi kan hanyar Kwaya. Mutanen ƙauyen suka kewaye ta da ƙaya, don a wajenmu motar da ta ci rai ba a cire mata ko ƙusa. Kakata, wadda na ci sunanta, ta ce da Baba, "Ƙarfen da ya sha jinin ɗana kada in ji motsinsa a garin nan."

Bara waccan, ina da shekara sha huɗu, na kai wa Baba fura na tarar ya tafi salla. A cikin kwano ga ƴaƴan rulma, ƙananan ƙwallayen ƙarfen da sandar giya ke juyawa a kansu, an wanke su da kananzir suna ƙyalli. Na ga fuskata a jikin ɗaya, hancina ya fi tulu. Na ƙulle shi a bakin zanena, da nufin in nuna wa ƙawayena in dawo da shi.

Kafin in dawo Baba ya ƙirga. Sha ɗaya, maimakon sha biyu.

Ya tankaɗe ƙasar ƙofar gida da rariya har ya kusa tono rijiya. Daga nan ya dubi jar kazar Kaka da ke kiwo kusa da tabarmar.

"Ke ce, munafuka."

"Kai, bar mini kazata," in ji Kaka. "Mota gare ta?"

Aka yanka ta, aka tsaga ƙundu, tsakuwa kawai aka samu. Na ci cinya ina kuka, na ce yaji ne. Bayan an kashe kaza a kan laifina, da wane baki zan yi magana?

Baba ya auna rulmar da zare, ya ba wani fatake mai zuwa Kano. Bayan kwana tara aka kawo sabuwa cikin takarda mai maiƙo. Ashe awon Ingilishi daban, na Faransi daban. Ta shiga, amma tana rawa da kaurin gashi ɗaya, kuma Baba ya ce gashi ɗaya a cikin bwat ya isa ya zubar da haƙoran giya duka. Maƙeri ya gwada ƙera ƙwallo, abin ya fito kamar aya. Buhunan gyaɗa suka taru, mai motar ya aiko cewa in ba ta tashi ranar kasuwa ba zai ɗauko wani makanike daga Damagaram.

Na san inda wata rulmar take. Kowa a gidan ya sani, shi ya sa ba mai kallon idon wani. Kullin bakin zanena kuwa kullum ƙara nauyi yake, har na fara tafiya a karkace.

Wata rana da hantsi Baba ya ɗaura wa jaki kaya ya ce, "Uwata, zo ki riƙe mini kwano." Haka yake kirana saboda sunan Kaka. Ita Kakar kuwa muka ce mata za mu ga wani injin a ƙauye.

Rana ta take muka isa. Motar Baffa na kwance a gefenta, ciyawa ta fito ta tagar direba. Gorar ruwan Baffa na nan rataye a ƙarfen madubi, tana lilo a hankali, ni kuwa ban ji iska ba. Baba ya janye ƙayar da hannu, bai kula da jinin yatsunsa ba. Ya shimfiɗa tabarmarsa, ya durƙusa.

"Salamu alaikum, ƙanena. Aro na zo."

Na tsaya a bayansa da kwano a hannu. Ina jin kukan ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya, ina cewa a raina yanzu zan faɗa, bari ya cire wannan tukuna. Da murfin ya buɗe, baƙin mai ya gangaro kan yashi, Baba ya daɗe yana kallonsa. Sai da ya ciro rulmar ya sa a kwanon da ke hannuna, sannan na kwance kullin, na miƙa masa.

Na rufe ido ina jiran mari. Bai zo ba.

"Da jiya kika kawo, Uwata."

Ya karɓi ƙwallon, ya goge shi da rigarsa, ya jefa cikin bwat ɗin Baffa, ya mayar da murfin, ya ɗaure kowace ƙusa. Ƙayar ma ya mayar.

Motar ta tashi ranar kasuwa. Giya ta ɗaya lafiya, ta biyu lafiya. Tana shiga ta uku a bayan gidanmu sai bwat ɗin ta fara wani siririn amo, kamar mutum yana waƙa ta hanci. Baba ya ce kowace tsohuwar rulma haka take yi kafin ta zauna.

Kaka na ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Hannunta ya tsaya. Ta saurara har amon ya ɓace, sannan ta juyo gare ni.

"Takwara, wane ƙauye kuka je?"

Na durƙusa na kama taya ta ɓarar gyaɗar, idona a ƙasa.

Ba ta yi wa Baba faɗa ba, ba ta sake sayen kaza ba. Amma duk safiyar da motar za ta fita, takan ɗauki kujerarta ta zauna a jikin katangar baya, ta hana ni magana har sai an sa ta uku.